Irin Wuta a Bokitin Mai Gilashi

A layin shagunan da ke bayan tashar bas akwai wani mai yankan gilashi da hannunsa gwani ne, amma bakinsa ya fi hannun gudu nesa ba kusa ba. In ya yanka maka gilashin taga, iska ba ta ƙara samun hanya ta gefe. Sai dai kafin ya gama za ka ji yadda ya taɓa ba matuƙin jirgin sama shawara, da yadda likitoci ke nemansa a waya in aiki ya cije musu. Mai Aski da ke damansa da Mai Wanki da ke hagunsa sun daɗe da daina musu da shi, sai dai su ce, “Haka ne, Farfesa,” kowa ya koma kan abin da yake yi. Da wasa suka laƙaba masa sunan, shi kuwa ya riƙe da gaske har ya sa aka rubuta a jikin ƙofar shagon.

Abin da ya ƙara fasa masa kai shi ne ’yarsa Auta, da ke karatun babban digiri a jami’a. Ba shi da labarin da ya fi nata, ko da yake bai taɓa zama ya saurari abin da take karantawa ba. Abin da ya sani kawai, takan kawo masa awo ya yanka mata ƙananan gilasai masu girman kwalin ashana.

Wata rana da yamma Auta ta shigo gida rungume da wani ɗan akwatin roba. Ta ce ana gyaran rufin ɗakin bincikensu, ƙura ko’ina, shi ya sa ta kawo shi gida ya zauna har ranar da za ta kare aikinta a gaban manyan malamai.

“Abin da ke ciki shi ne duk wahalar da na sha,” in ji ta. “In babu shi ranar nan, sai na sake daga farko. Don Allah kada kowa ya taɓa.”

“Wa zai taɓa?” in ji Farfesa, idonsa na kan akwatin. “Mene ne ma a ciki?”

“Baba, wata irin tawada muke haɗawa da sinadaran da ake ce wa oganik. Sai mu ɗiga a kan gilashi, mu juya gilashin da gudu har ta baje ta zama fata siririya, wadda silin gashi ma ƙato ne a kanta. A cikin akwati marar iska muke yi, hannu cikin safar roba. Sannan mu ɗan ɗumama. A haka muke rainon fatar har ta girma yadda muke so. In rana ta haska ta sai ta ba da wuta.”

“Raino kika ce? Girma take yi?”

“To, haka dai muke faɗa, amma ba wai…”

“Na gane, na gane,” ya ɗaga hannu. “Kuma duk shekarun nan abin da kika raina ke nan, ɗan abin da bai cika tafin hannu ba?”

“Ita ta raine shi, kai ka raina shi,” in ji Maman Auta daga ƙofar kicin. Ta karɓi akwatin ta ɗora can saman kabad, ta yi wa mijinta wani irin kallo. Auta ta koma makaranta.

Farfesa dai kalma ɗaya ta maƙale masa a kai. Abin da ake raino ya girma, ai yana da iri. In kuwa akwai iri, to rowa ce kawai ta hana malaman jami’a shuka shi a babban fili. Yarinya na wahala a kan ɗan ƙaramin abu, ga ubanta da gilashi mai girman ƙofa jingine a shago yana shan ƙura. Ya ji tausayinta ya kama shi, ya kuma ji shi kansa ya burge kansa.

Washegari Maman Auta na fita kasuwa ya taka kujera ya sauko da akwatin. Gilasai biyu ya gani a ciki. Ɗaya baƙi ƙirin mai kauri, da gani ka san ya ƙoshi. Ɗayan kuwa garau, ana ganin yatsa ta cikinsa, sai ɗan shuɗi-shuɗi da wasu ’yan layukan azurfa a gefe. Ya juya shi ya ga yankan hannunsa ne.

“Wannan fanko ne, ragowar nawa,” ya ce. “Ga uwar nan baƙa.”

Ya zuba duka biyun a aljihu, ya mayar da akwatin yadda yake. A ransa aro ya yi, in irin ya yaɗu zai mayar mata da abin da sai an ɗauko a mota.

Yana isa layi ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu. “Jama’a, ku yi ban kwana da ɗaukewar wuta! Wutar layin nan daga nan za ta fito.” Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa.

“Daga nan ɗin?” in ji Mai Wanki. “To a saka mana mita a ƙeya.”

“Ka yi dariyarka. Ranar da za ka zo roƙon waya ina nan.”

Ya ja Mai Aski gefe, don shi ne mai yawan kallon waya, ya tambaye shi ko ya san wani abu wai shi oganik.

“Oganik? Ai shi ne abin da ba a sa masa maganin kanti ba. Mai furannin bakin titi kullum yana cewa takinsa oganik ne.”

“Na sani, gwada ka nake yi,” in ji Farfesa.

Kafin rana ta take ya dawo da rabin buhun taki a kafaɗa. Ya ɓare baƙin gilashin da abin yankansa, ya kankare baƙin abin tas a cikin bokiti. Ya zuba taki, ya ƙara tawadar tambari, da baƙin rinin gashi daga shagon Mai Aski, da man ƙyallin katako don ya kama jiki. Ya kuma tuna masana ba sa aiki da ido tsirara, sai ya tono wani tsohon tabaron walda da gilashin ido ɗaya ya fita. Ya gwada fankon Auta a gurbin, ya zauna cif kamar don shi aka yi. Ya liƙe gefen da danƙon taga, ya huro masa numfashi, ya goge da gefen riga, ya maƙala a fuska. Tun daga lokacin idonsa na dama yake ganin duniya da ɗan shuɗi.

Saura akwati marar iska. Akwai wani akwatin kifi na gilashi da mai shi ya kawo gyara bai dawo ba. Farfesa ya huda masa ramuka biyu masu kyan gani, ya cusa safar wanke-wanken Maman Auta, ya sa kwanon haɗin a ciki ya rufe. Iskar kuma ya ce da baki za a zuƙe ta. Ya sa tiyo ya ja da ƙarfi, warin taki da man ƙyalli suka doke shi har cikin kwanya. Ya tashi zai gudu, hannayen suka ƙi fita daga ramukan. Haka ya fito layi yana tangaɗi, akwatin kifi a gaba kamar mai tallan kansa, ga tabaro a fuska, ga tari.

“Farfesa, kifi ya kama ka ne?” in ji Mai Wanki.

“Ku kawo sabulu! Gwaji ne, kuma ya yi!”

Da ruwan sabulu da jan mutum biyu aka raba shi da akwatin. Da ya dawo numfashinsa ya bayyana musu cewa ai akwatin na masu ƙaramin aiki ne, babban gilashi ya fi ƙarfin iska.

Da yamma a gida Maman Auta ta tambayi inda safarta ta shiga, da dalilin da ya sa yake warin garke.

“Bincike ne, ba ki da masaniya a kai.”

“Akwatin yarinyar nan fa?”

“Ga shi can inda kika ajiye, ko ya motsa?”

Ta ɗaga kai ta ga yana nan, sai ta kai masa ruwan wanka ba tare da ya nema ba.

Ranar juyi kuwa layin bai manta da ita ba. Farfesa ya kwance fankar rufin shagonsa, ya kifar da ita a kan benci a ƙofar shago, ya ɗaure wani gilashi mai faɗin tebur a kan fukafukanta da igiya. Ya jira aka kawo wuta. A lokacin Mai Wanki ya gama shanya fararen rigunan wani asibiti, layi guda, sai ɗaukar ido suke yi.

“’Yar tawa ɗigo take ɗigawa,” in ji Farfesa ga waɗanda suka taru. “Shi ya sa wutarta ɗigo ce.”

Ya tuttula rabin bokiti, ya murza makunni zuwa ƙarshe. Fankar ta yi gurnani, ta ɗauki gudu, sai ga baƙin ruwa yana fita ta ko’ina a daidai tsayin ƙirji. Masu kallo suka watse da ihu. Wata mai sayar da lemo ta kifa tire a kai ta ruga. Farfesa ya durƙusa a ƙarƙashin benci yana laluben makunni yana cewa, “Kada ku ji tsoro, bajewa take yi!” Ta baje kuwa. Ta baje a bango, ta baje a madubin Mai Aski, ta baje a rigunan asibiti daga ta farko har ta ƙarshe.

Mai Wanki ya tsaya a gaban igiyarsa hannu a ka. “Farfesa, me zan ce wa likitoci?”

“Ka ce musu su riƙa tsayawa a rana, za su cika wayarsu a aljihu.”

Da ƙyar Mai Aski ya riƙe mutumin. Aka yi sulhu a kan cewa Farfesa zai taya shi sake wankin, kuma ranar buɗe wuta Mai Wanki ne zai fara samun aski da hasken rana, a gaban kowa.

Abin da ya rage a kan gilashin bai yi wa Farfesa kauri ba, sai ya ƙara da cokalin magina har ya kai kaurin katifar jariri. Ya ɗumama shi da abin busar da gashi na Mai Aski, warin ya kori masu jiran bas zuwa ɗaya gefen titi. Sannan ya ɗora shi a kan rumfar kwanon da ke gaban shagunan, yana hawa tsani kowace safiya da buta yana yayyafa masa ruwa. Ƙudaje suka yi sansani, ya ce wuta ce ke jan su.

Wata safiya ya hau, sai aka ji ihu daga sama. “Ya tsiro! Wallahi ya tsiro!”

Ba ƙarya ya yi ba. ’Yan korayen tsirrai sun huda baƙin ɓawon, jere gwanin sha’awa. Mai Aski ya hau ya duba, ya ce shi dai ciyawa yake gani.

“Ciyawa a idonka. Wayoyin ne ke fitowa da kansu.”

Farfesa ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya tsayar da buɗe wuta a safiyar ranar da Auta za ta kare aikinta, don in ta zo ɗaukar ɗan akwatinta ya miƙa mata babban ta kai wa malaman su ga yadda ake yi. A ransa har ya hango su sun miƙe tsaye suna tambayar ko uban yana da lokacin koyarwa.

Ranar ta zo da rana mai zafi. Layi ya cika, har direbobin bas sun kashe mota sun zo kallo. Farfesa ya sa farar riga doguwa da ya ara daga igiyar Mai Wanki, ya ɗaure tabaronsa. Ya cusa wayoyi biyu a cikin ɓawon, ya sauko da su ya naɗa a jikin na’urar aski. Abin da ya manta, Mai Aski ma ya manta, shi ne na’urar mai batir ce, kuma da ɗan sauran caji a cikinta.

Mai Wanki ya zauna a kujera aka yafa masa ƙyalle. Farfesa ya ɗaga hannu sama ya sauke. Mai Aski ya danna, na’ura ta ɗauka.

Layi ya kaure da sowa. Farfesa ya yi tsalle ya dire, yana zagaya kujerar yana buga goshi. “Daga ina na ce? Daga ina na ce muku?” Mai Aski ma zumuɗi ya kwashe shi, ya kafa na’urar a goshin Mai Wanki ya ja ta ɗoɗar har ƙeya. Tana isa ƙeya ta yi ’yar ƙara ta mutu.

Aka danna, shiru. Aka girgiza, shiru. Mai Wanki ya shafa kansa ya ji titi a tsakiya, daji hagu da dama.

“Gajimare ne,” in ji Farfesa.

Kowa ya ɗaga kai, babu ko ƙyallin gajimare. Abin da suka gani shi ne rana ta narkar da man ƙyallin, ɓawon ya saki gilashi yana zamewa a hankali zuwa bakin rumfa da ciyawarsa da komai. Kafin wani ya ce a kauce ya faɗo gaba ɗaya a kan Farfesa, ya fantsama a titin kan Mai Wanki. Dariya ta ɓarke har wani direba ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

A cikin wannan dariyar ne jama’a suka dare. Auta ce cikin kayanta masu kyau, akwatin roba a buɗe a hannunta, babu komai a ciki. Maman Auta na bayanta, fuska ba annuri.

“Baba,” in ji Auta, “ina gilasaina?”

Nan take dariyar ta mutu. Farfesa ya sunkuyar da kai. Ya dubi bokitin, ya dubi baƙin abin da ke ɗiga daga haɓarsa, ya dubi ’yarsa da ta rame a kan wannan aikin. Tsoro da kunya suka rufe shi lokaci ɗaya.

“Iri na ɗiba,” ya ce a hankali. “Baƙin na kankare a bokiti. Na ce in girmar miki da shi.”

“Baƙin ai lalatacce ne, na farkon da na yi. Kauri ya yi masa yawa, na ajiye ne in nuna musu kuskurena. Ɗayan fa, Baba? Mai haske, wanda ake gani ta cikinsa, wanda za a iya yin taga da irinsa?”

“Fankon?”

Auta ta kafe shi da ido, tana matsowa a hankali. Shi ya ɗauka kuka za ta fashe da shi, ya fara ja da baya yana cewa ta yafe masa.

“Baba, kada ka motsa.”

Ta ciro hankici ta goge idon dama na tabaron. Ga ɗan shuɗin nan, ga layukan azurfa suna leƙowa daga ƙarƙashin danƙo. Ta zaro wasu ’yan wayoyi masu baki daga jakarta da wata ’yar mitsitsiyar fanka ta gwaji, ta maƙala bakin wayoyin a gefen gilashin, ta kama haɓar ubanta ta juya fuskarsa ga rana. ’Yar fankar ta yi rawa sau ɗaya, sannan ta kama juyawa a daidai kan hancinsa.

Auta ta saki wani dogon numfashi, hawaye da dariya suka zo mata tare. Layi ya sake kaurewa, wannan karon har da tafi. Farfesa ya ji ’yar iska tana shafar hancinsa, nan da nan ransa ya dawo jikinsa, bakinsa ma ya dawo.

“Jama’a, ku shaida! Daga ina na ce wutar za ta fito?”

“Wallahi daga kansa ta fito,” in ji Mai Aski cikin mamaki.

“Ni kuma a kaina ta ƙare,” in ji Mai Wanki.

Auta ta ce a ciro tabaron, lokaci na tafiya. Aka ja, Farfesa ya yi ƙara. Man ƙyallin ya riga ya bushe, ya haɗa tabaro da gira da gashi wuri ɗaya. Mai Aski ya ɗauko almakashi, Auta ta ce kada wanda ya kai ƙarfe kusa da gilashin nan. Ta dubi agogo, ta dubi ubanta daga sama har ƙasa.

“Shiga mota, Baba. Da kai za a je. Amma da sharaɗi ɗaya, ba za ka ce uffan ba.”

“Ni? A gaban ’yan’uwana farfesoshi?”

“To ga jarrabawar gaske nan,” in ji Maman Auta, ta tura shi cikin tasi, ta sa direban ya sauke gilasan duka.

Haka aka tsayar da shi a bakin taga a babban ɗakin jami’a, an goge abin da ya gogu, ’yar fanka na juyawa a hancinsa, Auta na bayani tana nuna fuskar ubanta da sanda. Maganganu suka yi ta taso masa yana haɗiyewa har wuyansa ya yi ciwo. Ya ji yadda take amsa tambaya bayan tambaya ba gargada, bai gane ko rabi ba, amma ya ga furfura na gyaɗa kai.

Can shugaban malaman, bayan ya ji abin da gilashin ya sha na rana da ruwa da taki, ya matso ya duba gefensa da kyau. Ya ce abin da ya ceci fatar shi ne murfin gilashin da aka rufe ta da shi ya zauna daidai, iska ba ta sami hanya ba. Ya tambayi wa ya yanka mata murfin.

Auta ta juyo ta yi wa ubanta alamar ya yi magana. Ga ɗaki cike da masana sun zuba masa ido, ga abin alfahari na gaskiya ya samu a karo na farko, sai muryar ta ƙi fitowa. Ya ɗaga yatsa ɗaya kawai, tabaron ya cika da ruwa ta ciki har ya daina ganin ’yarsa.

Auta ta ci. Da yamma Mai Aski ya raba shi da tabaron, gira ɗaya ta tafi tare da shi. Mai Wanki, wanda ya aske sauran dajin ya koma ƙwal, ya leƙo ya tambaye shi jawabin da ya yi wa manyan malamai.

Farfesa ya shafa inda girar take a da, ya gyara zama. “Ai ban ce musu komai ba,” in ji shi. “Yarinyar na bari ta yi magana. Ni na raine ta.”